Headingley 2019: Ranar da Na'ura ta Ga Gaskiya Amma Ƙofar Ɗaukaka Ƙara na Rufe

Ranar Lahadi, 25 ga Agusta 2019, a filin Headingley da ke birnin Leeds, wasan kurket tsakanin Ingila da Ostireliya ya zo gangara. Ingila na neman maki 2 ta ci. Ostireliya na neman fitar da mutum ɗaya tak, ita ma ta ci, kofin Ashes, wanda ƙasashen biyu ke fafatawa a kansa, ya ci gaba da zama a hannunta. Nathan Lyon na Ostireliya ya jefo ƙwallo. Ben Stokes na Ingila ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya kai mata duka iya ƙarfinsa, ya kuskure, ta faɗa masa a makarin ƙafa. 'Yan Ostireliya suka kaure da ihu, Lyon ya juya yana roƙon alƙali, hannaye a sama. Alƙalin, Joel Wilson, ya girgiza kai. Bai ɗaga yatsa ba, wato bai fitar da Stokes ba.

Ba a jima ba masu talabijin suka sako hoton na'urar bin sawun ƙwallo. Abu uku take nunawa, kuma duka ukun ja suka fito: ƙwallon ta dira a kan layin sandunan da Stokes ke karewa, ta sami ƙafarsa a kan layin, kuma da ba ƙafar ta tare ta ba, da sanduna za ta buga. A bisa wannan hoto Stokes ya fita, Ostireliya ta ci wasa da ratar maki 1. Sai dai Ostireliya ba ta da sauran damar ɗaukaka ƙara, wato neman a sake duba hukuncin da bidiyo. Ta ƙarar da ta ƙarshe jifa shida kacal kafin wannan. Jifa huɗu bayansa kuma Stokes ya maka ƙwallo ta kai iyakar fili, Ingila ta yi nasara.

A ganina babu wasan da ya fi wannan dacewa da mai son sanin ko tsarin duba hukunci da bidiyo, wanda ake kira DRS, yana aiki ko ba ya yi. A ranar kayan aiki duk suna nan. Kyamarori na ɗauka, alƙali na uku na zaune gaban allo, mai kallo a gida ya ga amsa, amma doka ba ta ba kowa ikon isar da amsar ga mutumin da ke tsaye a tsakiyar fili ba.

Hukunci kan abin da bai faru ba

Kafin a ga laifin kowa, ya kamata a san nauyin da ke kan alƙalin kurket. Mai bugu yana tsaye ne gaban sanduna uku da aka kafa a ƙasa, faɗinsu gaba ɗaya inci 9, tsayinsu inci 28. Mai jifa na auno su daga nisan yadi 22. In ƙwallo ta bugi sandunan, mai bugu ya fita, babu gardama. To amma mutum zai iya sa ƙafa ya tare, shi ya sa aka kafa dokar da ake taƙaita sunanta da LBW: wanda ya tare da jikinsa ƙwallon da za ta bugi sanduna, shi ma ya fita.

Tambaya uku alƙali zai amsa wa kansa. Ina ƙwallon ta dira? A ina ta sami mutumin? Da an bar ta, za ta bugi sanduna? Akwai kuma sharaɗi guda da ya kamata mai karatu ya riƙe, don shi ne ya ci Ostireliya: in ƙwallo ta dira a wajen layin sanduna ta ɓangaren da ƙafafun mai bugu suke, magana ta ƙare, bai fita ba, ko da a tsakiyar sanduna za ta sauka. Tambaya ta uku ita ce mai wuya, domin hukunci ne kan tafiyar da ƙwallon ba ta yi ba. Ga shi mai jifa irin Pat Cummins na sako ta da gudun kilomita 140 a sa'a, wato wajen rabin daƙiƙa ne tsakanin barinta hannu da isarta. A cikin wannan ƙiftawar ido alƙali zai kuma saurara ya ji ko katakon bugu ya shafe ta kafin ƙafa.

Kurket ya daɗe da neman taimakon kyamara. Tun a 1992, a Durban, aka fara zaunar da alƙali na uku gaban talabijin, kuma Sachin Tendulkar na Indiya ne mutum na farko da hoton bidiyo ya fitar. Amma lokacin alƙalin fili ne kaɗai ke neman taimako, kuma a kan abin da ya shafi layi kawai. Abin da ya ƙara zafafa kiran a faɗaɗa tsarin shi ne wasan Sydney na Janairun 2008, inda kura-kuran alƙalanci suka harzuƙa Indiya har aka cire alƙali Steve Bucknor daga wasa na gaba. A Yulin shekarar aka gwada ba 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci, a Kolombo, tsakanin Siri Lanka da Indiya, Virender Sehwag ya zama na farko da aka fitar ta wannan hanya. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ƙaddamar da tsarin sosai a Nuwamban 2009 a Dunedin. Indiya ta ƙi yarda da shi a wasanninta na ƙasa da ƙasa biyu har ƙarshen 2016, tana cewa ba ta amince da hasashen na'ura ba.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Alƙali ya yanke hukunci, sai kyaftin ɗin masu jifa, ko mai bugun da aka ce ya fita, ya haɗa hannaye ya yi alamar T cikin daƙiƙa 15. Alƙali na uku ya duba hoto a hankali, ya duba na'urar sauti ko ƙwallo ta shafi katako, sannan a ɗora hoton Hawk-Eye, wanda ke haɗa abin da kyamarori da dama suka ɗauka ya zana hanyar ƙwallon da inda ta nufa. In ƙarar ta yi daidai, damar tana nan. In ta faɗi, an ci ɗaya. A 2019, a wasan kwana biyar, faɗuwa biyu aka yarje wa kowace ƙungiya a turmi guda na bugu, wato zagayen da 'yan ƙungiya ɗaya ke bugu bi da bi; turmi biyu kowace ƙungiya ke yi a wasa. An sa wannan iyaka ne don kada a riƙa tsayar da wasa kan kowace jifa, kuma tun farko an ce manufar tsarin ita ce kawar da kuskure ɓaro-ɓaro, irin wanda kowa zai gani ya kama baki.

Yadda aka zo nan

Wasan Headingley shi ne na uku cikin biyar. Ostireliya ta ci na farko a Edgbaston, aka yi canjaras a Lord's, kuma da yake kofin na hannunta tun gasar baya, nasara a Leeds ta ishe ta. Ta shigo babu gwaninta Steve Smith, wanda ƙwallon Jofra Archer ta buga a wuya a Lord's. A turmin farko ta sami 179. Ingila ta shiga, aka share ta kaf a maki 67, Josh Hazlewood ya fitar da mutum 5. Ostireliya ta ƙara 246. Sai ya zama Ingila na buƙatar 359, adadin da ba ta taɓa kamowa a turmin ƙarshe ba a duk tarihinta zuwa ranar.

Da safiyar rana ta huɗu tana da 156, an fitar mata da mutum 3. Stokes ya kwana da maki 2 bayan ya fuskanci jifa 50. Joe Root ya fita a 77, Jonny Bairstow ya ɗan taɓuka, daga nan aka yi ta zubewa, har aka kai 286 an fitar da mutum 9. Saura maki 73, ga mutum na ƙarshe ya shigo: Jack Leach, wanda aikinsa jifa ne, mai sanye da gilashin ido. Duk wanda ya kalli wasan yana tuna shi yana ciro ƙyalle, yana goge gilashin nan a natse, ya mayar, sannan ya gyara tsayuwa ya fuskanci mutanen da ke jifa kamar harsashi.

A kurket jifa shida-shida ake yi, in zubi ɗaya ya ƙare a koma ɗaya gefen wani ya karɓa. Stokes ya riƙa cinye yawancin zubin shi kaɗai, yana ɗaga ƙwallo tana faɗawa cikin 'yan kallo, in an zo jifa ta biyar ko ta shida ya saci maki 1 don zubi na gaba ya sake samun sa. Leach jifa ɗaya ko biyu yake tarewa. A haka 73 ta yi ta narkewa. Ana saura 17 Stokes ya ɗaga wata sama, Marcus Harris ya rugo ya yi tsalle, ta kuɓuce masa. Daga nan aka ga natsuwa ta fara barin 'yan Ostireliya.

Jifa biyu

Saura maki 8, jifar ƙarshe a zubin Cummins, Leach ke fuskanta. Ƙwallo ta same shi a ƙafa, aka yi ihu, alƙali ya ce bai fita ba. Kyaftin ɗin Ostireliya, Tim Paine, wanda shi ne mai tsaron bayan sanduna, ya yi 'yar shawara da Cummins, ya haɗa hannaye ya ɗaukaka ƙara. Hoton farko ma ya wadatar. Ƙwallon ta dira can wajen layi ta ɓangaren ƙafafu, inda doka ta ce babu fita. Dama ta ƙarshe ta tafi.

Na sha maimaita kallon wannan wuri, kuma ban ga alamar cewa Paine ya yi imani Leach ya fita ba. Abin da na gani mutum ne da wasa ke zamewa daga hannunsa, yana da harsashi guda a bindiga, ya ce bari in harba ko Allah zai sa a dace. Lissafinsa ma ba na wauta ba ne. Maki 8 a hannun Stokes na ranar bugu biyu ne. In wasa ya ƙare kana riƙe da damarka, me ta amfane ka? Tsarin da kansa ne ke tura kyaftin ga irin wannan tunani.

Lyon ya karɓi zubi na gaba. Stokes ya ɗaga ɗaya ta tsallake mai tsaron iyaka da ƙyar, maki 6, saura 2. A jifa ta biyar ya buga ta nufi hannun Cummins, Leach kuwa ya riga ya baro wurinsa da gudu, ya yi nisa. Cummins ya jefo wa Lyon a hankali. Abin da ya rage wa Lyon shi ne ya cafe ya taɓa sanduna, wasa ya ƙare. Ƙwallon ta suɓuce daga hannunsa. Leach ya koma da rai. Jifa ta gaba ita ce wadda na fara da ita.

Cummins ya dawo. Leach ya tsira daga biyu, a ta uku ya tura ƙwallo gefe ya ruga, makinsa ɗaya tilo cikin jifa 17, aka yi kunnen doki. Stokes ya gama aiki a ta huɗu. Ya tashi da 135, kuma cikin maki 76 da suka haɗa da Leach, 74 nasa ne.

Laifin wa?

Paine bai ɓoye nasa ba. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ƙi ɗora wa alƙali, ya ce shi kansa bai iya tuna ƙarar da ya ɗaukaka ta yi daidai a gasar ba, don haka ba shi da bakin zargin wani. Wannan dattaku ne, kuma ya cancanci yabo a kai. Da yawa daga masu sharhi nan suka tsaya: an ba ka dama biyu, ka watsar, kuka da kanka.

Wilson kuwa ya sha suka fiye da kima. Mutumin Trinidad ne, kuma a watan Yulin shekarar aka ɗaga shi zuwa rukunin manyan alƙalan ICC su 12. A lokacin, dokar da aka kafa tun 2002 ta ce alƙalan fili biyu a wasan kwana biyar kada su fito daga ƙasashen da ke karawa. Bakwai cikin 12 ɗin nan 'yan Ingila ne da Ostireliya, don haka mutum biyar kacal suka rage da za a yi ta juyawa a gasar da ta fi kowace zafi: Aleem Dar, Kumar Dharmasena, Marais Erasmus, Chris Gaffaney da Wilson. A wasan farko a Edgbaston an soke hukuncin Wilson har sau takwas. Wannan adadi abin kunya ne gare shi, amma a wajena shi ne babbar shaidar cewa DRS na da amfani. Kuskure takwas ke nan da a zamanin da sai dai a haɗiye su, a yi ta jin haushi shekara da shekaru. An gyara su nan take, wasa ya ci gaba.

Wasu sun ce da Wilson ya yi wayo, da ya ɗaga yatsa, tun da Ingila na da sauran dama, sai na'ura ta raba gardama. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ranar da alƙali ya fara duba wa ke da sauran ƙara kafin ya yanke hukunci, ya daina faɗin abin da idonsa ya gani. Amma maganar ta tona wani abu mai muhimmanci. Jifa ɗaya ce, ƙafa ɗaya, na'ura ɗaya. In kuskuren ya faɗa kan Ingila akwai gyara, in ya faɗa kan Ostireliya babu. Gaskiyar abin da ya faru ba ta canza ba, abin da ya bambanta shi ne wa ya iya tattalin damarsa.

Sai ita na'urar. Stokes bai yarda da ita ba. Ya ce ƙwallon ta fara shafar makarin ƙafarsa ta gaba, kuma ba ta juya yadda hoton ya nuna ba, don haka a ganinsa wucewa za ta yi ta gefe. Ba magana ce ta banza ba. Hawk-Eye na gina hasashensa ne daga ɗan tazarar da ƙwallo ta yi tsakanin dirarta da haɗuwarta da ƙafa. In tazarar gajeriya ce, kamar yadda take idan mutum ya miƙa ƙafa gaba zai share ƙwallo gefe da katako, bayanan da na'urar ke samu kaɗan ne. In kuma aka ɗauki wurin haɗuwa ba daidai ba, sauran zanen zai karkace. Saboda irin wannan ne aka bar wani gefe na shakka: idan ƙasa da rabin ƙwallo ne hoton ya nuna zai taɓa sanduna, hukuncin alƙalin fili ne ke tsayawa, kuma tun Oktoban 2017 ƙungiya ba ta rasa damarta a kan haka. Mutane na yawan jin haushin wannan sashe, suna cewa yaya ƙwallo ɗaya za ta zama fita a hannun wani alƙali, rashin fita a hannun wani. Ni ina ganin shi ne wuri mafi gaskiya a duk tsarin, domin nan ne na'ura ke amsa cewa hasashe take yi.

A jifar Lyon hoton bai faɗa cikin gefen shakka ba. Kuma ko da Stokes na da gaskiya, wurin da ya dace a tantance ƙorafinsa shi ne gaban alƙali na uku, a tsayar da hoto, a duba wace ƙafa ƙwallon ta fara taɓawa. Wannan zaman ne ba a yi ba. Har yau 'yan Ingila na cewa ta shafi ƙafar gaba, 'yan Ostireliya na cewa ja uku ne, kuma an kawo DRS ne don a daina irin wannan jayayya.

Ramin da ke cikin dokar

Da sau ɗaya abin ya faru, sai a ce tsautsayi. Shekara shida kafin nan, a Trent Bridge a 2013, tsakanin ƙasashen nan biyu, Stuart Broad na Ingila ya shafi ƙwallon Ashton Agar da katako shafa mai kauri, ta goga a safar mai tsaron baya ta faɗa hannun Michael Clarke na Ostireliya, wanda ke nufin Broad ya fita. Kowa ya gani ban da alƙali Aleem Dar. Broad ya tsaya abinsa, Ostireliya ta riga ta cinye damarta, Ingila ta ci wasan da maki 14. Bayan wasan ICC ta fitar da lissafi: hukunci 72 alƙalai suka yanke, 7 kuskure ne, DRS ya gyara 4, daidaito ya tashi daga kashi 90.3 zuwa 95.8 cikin ɗari. Lissafin gaskiya ne, kuma yana goyon bayan tsarin. Sai dai cikin ukun da suka rage akwai na Broad, wanda shi ne ainihin irin kuskuren da aka ce an zo kawarwa. Akwai kuma na Jonathan Trott, inda alƙali na uku ya soke hukunci mai kyau alhali hoton gefe na kyamarar Hot Spot, wanda zai nuna ko katako ya taɓa ƙwallo, bai samu ba. Wato mutanen da ke bayan na'ura su ma suna tuntuɓe.

A bazarar 2019 ɗin kanta, makonni kaɗan kafin Headingley, an ga haka sau biyu a gasar cin kofin duniya, inda dama ɗaya ce kawai a lokacin. A wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da Jason Roy yana da 85, aka ce an cafe ƙwallon da bai taɓa ba, Bairstow ya riga ya kashe damar Ingila. A wasan ƙarshe a Lord's aka fitar da Ross Taylor na New Zealand da LBW kan ƙwallon da za ta wuce ta saman sanduna, Martin Guptill ya riga ya kashe tasu. Wannan wasa kunnen doki aka tashi. Guptill ne ya yi kuskuren lissafi, Taylor ya biya.

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san rigimar VAR, kuma a wannan watan na Agustan 2019 ne aka fara amfani da shi a gasar Firimiya. Bambancinsu da DRS babba ne. A ƙwallon ƙafa alƙalai ne ke duba kansu, ƙungiya ba ta da ta cewa. A kurket an miƙa mabuɗin ga masu ƙara. Wannan na da alfanu da ba zan musa ba: ana jin muryar alƙali na uku yana bin mataki ɗaya bayan ɗaya, ana ganin hoton da yake gani a babban allo, kuma ɗan wasan da ya cika ihu sai a ce masa, in ka isa ɗaukaka mana. Ta fuskar bayyana wa 'yan kallo abin da ake ciki, kurket ya yi wa ƙwallon ƙafa nisa. Amma mai ƙara ba ya zama alƙalin kansa. Paine na tsugune a bayan mai bugu, jikin mutumin ya tare masa rabin abin da ya faru, zuciyarsa na bugawa, ga daƙiƙa 15 na tafiya. Shi aka ɗora wa tantance inda ƙwallo ta dira.

Akwai masu cewa wannan caca ai tana cikin daɗin wasa, iya sarrafa dama ma gwaninta ce ta kyaftin. Na fahimce su, domin ni ma jikina na tashi idan aka haɗa hannaye ana jiran hoto. Amma gwanintar kyaftin ita ce ya san wa zai ba ƙwallo, ina zai tsayar da mutanensa, yaushe zai matsa, yaushe zai ja baya. A nan Paine ya yi kura-kuransa ranar, ya baza mutane bakin iyaka yana ba Stokes maki 1 kyauta, kuma daidai ne a tuhume shi a kai. Ko mutum ya fita ko bai fita ba kuwa, aikin alƙalai ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alƙalin fili na da ikon ya nemi taimakon bidiyo sau nawa ya ga dama a kan wasu abubuwa: ko mai gudu ya kai layi, ko an cafe ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, ko ta kai iyaka. A kan LBW, wanda ya fi su duka wuya, ba shi da wannan iko. Da Lyon ya cafe ƙwallon nan ya taɓa sanduna, Wilson na iya zana alamar talabijin da hannu a duba masa, babu ruwan kowa da sauran damar Paine. Jifa ɗaya bayan haka, a hukuncin da ya fi buƙatar ido na biyu, an bar shi shi kaɗai.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a bar wa ƙungiyoyi damarsu yadda take, a kuma ba alƙali na uku ikon ya sa baki da kansa idan kuskuren ya fito fili, babu gefen shakka: ja uku cikakku, ko shafar katako da na'urar sauti ta nuna ƙarara, ko rashinta. Na san an taɓa gwada wani abu mai kama da haka. Hukumar kurket ta Ostireliya ta taɓa ba alƙali na uku ikon sa baki a gasar cikin gida ta yini ɗaya, ta kuma janye shi a 2012, saboda 'yan wasa sun koka cewa babu tsari, wani hukunci a duba, wani a wuce shi, ya danganta da ko masu talabijin sun maimaita hoton da wuri. Wannan darasi ne na gaske. Amma abin da ya koyar shi ne kada a jingina duba hukunci da zaɓin mai haɗa shirin talabijin. A sa ƙa'ida: duk ihun da aka yi kan LBW ko cafewa, ɗakin alƙali na uku ya duba shi kai tsaye, in ya ga kuskure ɓaro-ɓaro ya yi magana kafin jifa ta gaba. An ma riga an yi haka a wani fanni. Tun 2020 alƙali na uku ne ke duba ƙafar mai jifa a kowace jifa ko ta ƙetare layi, ya sanar da na fili, kuma wasa bai tsaya ba.

Zai ci lokaci, gaskiya ne, domin zana hanyar ƙwallo ba nan take ake yi ba. Amma wasa ne na kwana biyar. A Headingley ma lokacin a ɓagas yake: jifar Lyon ita ce ta ƙarshe a zubi, 'yan wasa na sauya gefe, alƙalai na sauya wurin tsayuwa, Leach na shirin fuskantar Cummins. A cikin wannan tazara da ba a jifa, alƙali na uku na zaune da na'urar magana da ke haɗe da kunnen Wilson.

Ostireliya ta farfaɗo. Smith ya dawo ya buga 211 a Old Trafford, suka ci da maki 185, kofi ya zauna a hannunsu. Ingila ta ci na ƙarshe a Oval, aka tashi 2 da 2, canjaras na farko a gasar Ashes tun 1972. Da an fitar da Stokes a Leeds, da tun ranar Ostireliya ta yi gaba da 2 da nema, tana kan hanyar cin gasar a ƙasar Ingila karon farko tun 2001.

ICC ta taɓa dokar bayan haka. A 2020, lokacin annobar korona, da aka koma amfani da alƙalan gida saboda wahalar tafiye-tafiye, aka ƙara damar ta zama uku a kowane turmi na wasan kwana biyar, biyu a gajerun wasanni. A 2021 aka ɗaga iyakar saman sanduna a ma'aunin na'ura, aka bar sashen shakka yadda yake. Duka gyare-gyare ne masu kyau, sun rage yawan ranakun da kyaftin zai wayi gari hannu rabbana. Amma ƙungiyar da ta kashe ukunta yau tana nan daidai inda Paine ya tsaya a Headingley, kuma alƙali na uku, ko ya ga ja uku a allonsa, ba shi da izinin buɗe baki.